Kwas ɗin karanta ECG da na yi ta intanet: inda ya amfane ni da inda ya gaza

Shekara huɗu ina aikin jinya, kusan kullum sai na liƙa wa majinyaci wayoyi goma a ƙirji da hannuwa da ƙafafu, na'ura ta fito da takardar ECG, wato zanen wutar da ke sa zuciya bugawa, in yage in kai wa likita. Ni ce ta farko da ke riƙe takardar, amma ban san me take faɗa ba, kuma abin ya daɗe yana damuna. Shi ya sa na shiga wani kwas na mako shida a intanet kan karanta tsarin bugun zuciya. Yau wata uku ke nan da gamawa, na kuma gwada abin da na koya a bakin gado.

Darasin farko kacokan a kan takardar kanta aka yi shi. Tana tafiya milimita 25 a sakan ɗaya, saboda haka a gidajen murabba'i da aka zana a kanta, ƙaramin gida mai milimita ɗaya sakan 0.04 ne, babban gida mai ƙanana biyar kuma sakan 0.2. Da na gane haka sai zanen ya zama lokaci da nake iya aunawa da idona. Ɗan tudun P wutar da ta ratsa ɗakunan sama na zuciya ce, tsinin QRS na ɗakunan ƙasa ne, T kuma lokacin da na ƙasan ke sake shiri. Willem Einthoven, ɗan Holan da ya samu lambar Nobel a 1924, shi ya sa waɗannan haruffa, har yau da su muke aiki.

Abin da na fi yaba wa malamin shi ne ba ya barin ka kira sunan bugu sai ka bi tambayoyi ɗaya bayan ɗaya. Gudun nawa ne a minti? Tazarar da ke tsakanin tsini da tsini daidai take? Kowane QRS yana da P a gabansa? Daga farkon P zuwa farkon QRS bai wuce ƙananan gidaje uku zuwa biyar ba? Faɗin QRS bai kai gida uku ba? Da farko na ƙosa, don so nake a nuna mini hotuna in haddace. Ashe gaskiyarsa. A wannan hanya na bambance tsaikon Wenckebach, inda tazarar PR, wato daga farkon P zuwa farkon QRS, ke ta ƙaruwa har bugu ɗaya ya faɗi, da Mobitz na biyu, inda bugun ke faɗuwa ba sallama, wanda kuma ya fi haɗari. A ido kama suke yi, ƙirga gidaje ne ke raba su.

Lissafin gudu ma ya zauna mini: raba 300 da yawan manyan gidajen da ke tsakanin tsini biyu. In bugun a hargitse yake, ƙirga tsinin da ke cikin manyan gidaje 30, wato sakan shida, ka ninka sau goma.

Matsalar ita ce duk zanen da aka ba mu tsaf yake kamar an zana da rula. Wani dare aka kawo wani dattijo da zazzaɓi, jikinsa sai karkarwa yake. Layin ƙasa na takardar ya fito duk a yamutse, babu P ko ɗaya da nake gani, na'urar kuma ta rubuta AF a sama, wato karkarwar ɗakunan sama, wadda ke iya jawo shanyewar ɓarin jiki. Gabana ya faɗi. Na ɗauki farar takarda na ɗora a kan layin, na yi alama a kan tsini uku, na riƙa matsar da ita gaba. Kowane tsini ya faɗa daidai kan alamata. Na lulluɓe shi, na sake manna wayar da ta saki saboda gumi, na jira jikinsa ya lafa. A gwaji na biyu ga P nan ɗaya bayan ɗaya, likita ma ya tabbatar. Tambayar tazara da kwas ɗin ya cusa mini ce ta taimake ni, amma irin wannan hargitsi na motsi da sakin waya mintuna kaɗan kawai aka ba shi. Ba a ma ambaci sauya wayar hannun dama da ta hagu ba, alhali kuskure ne da ke kifar da zanen layi na ɗaya, wanda ke auna wutar da ke tsakanin hannuwa biyu, gaba ɗaya.

Akwai kuma abin da ya ɓata mini rai. Sai a darasin ƙarshe aka faɗa cewa na'ura tana iya nuna bugu mai tsari alhali zuciyar ba ta tura jini, ka taɓa jijiyar wuya ka ji shiru. Wannan a ranar farko ya kamata ɗalibi ya ji shi.

Ina ba ɗaliban jinya da masu aikin gaggawa shawarar su yi irin wannan kwas, muddin za su haɗa da takardun gaske. Ni yanzu kowace takarda sai na karanta ta na rubuta abin da na gani kafin in kai wa likita, sannan in tambaye shi inda na kuskure.