Waitangi ya biya ni, masu motar ne suka ɓata mini rai

Da wurin kaɗai zan yi wa hukunci, da tauraro biyar zan ba Waitangi ba tare da dogon tunani ba. To amma ba da ƙafa muka je ba, motar wani kamfanin yawon buɗe ido ce ta kwaso mu daga birnin Oklan na ƙasar Niyu Zilan, ni da uwargida, kuma maganar wannan mota tana nan tafe.

Ga wanda bai sani ba, Waitangi yana can arewacin Niyu Zilan, a bakin teku, dab da garin Paihia. A nan ne ranar 6 ga Fabrairu 1840 sarakunan Maori, 'yan asalin ƙasar, sama da 40 suka sa hannu a yarjejeniya da William Hobson, wakilin Sarauniya Biktoriya ta Ingila. Na tafi da zaton irin wuraren nan ne da ake yi wa baƙi rawa, a ɗauki hoto, a watse. Abin da ya faru a gaban ɗakin taronsu, Te Whare Runanga, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

An tara mu a kan ciyawa, sai wata mata cikin masu tarba ta ce ba a shiga ɗakin haka sakaka, dole baƙi su fitar da sarkinsu. Turawan da muke tare kowa ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa. Ni kuwa ina sanye da hula zanna da doguwar riga, ina jin su suka ja mini. Matar ta miƙo hannu wajena, uwargida ta zungure ni ta ce, "Maigida, ai kai ake nufi, fita mana." Na fita.

Aka yi mini bayani a gurguje: jarumi zai fito, kada ka yi dariya, kada ka ja da baya, kada ka ɗauke idonka daga nasa. Kafin in gama haɗiye wannan sai ga saurayi ya fito daga ƙofar ɗakin, ƙirji a buɗe, riƙe da doguwar sandar yaƙi ta katako da suke kira taiaha. Yana tahowa yana tsalle gefe da gefe, yana juya sandar har kana jin kukanta a iska, ido a zazzare, harshe a waje. Na san wasa ne, na san kullum yana yi, amma wallahi da ya tsaya taku biyu a gabana yana huci, sai da gwiwata ta yi sanyi. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da sarki ranar hawan sallah lokacin da mahaya suka sako dawakai a guje don yin jahi, ya san abin da nake nufi: gaisuwa ce, amma an naɗe ta cikin barazana. Ya durƙusa ya ajiye ganye a ƙasa. Na sunkuya a hankali, idona cikin nasa, na lalubo ganyen da hannu na ɗauka. Ɗaukar nan ita ce shaidar cewa da alheri muka zo. Sai wata mata ta ɗaga murya da wani dogon kira mai kama da kuka, tsigar jikina ta tashi, muka bi ta a baya har bakin ƙofa, kowa ya cire takalmi.

Ciki kuwa, duk inda ka duba sassaƙa ce. Kowane ginshiƙi kakan wata ƙabila ne, an sa masa ido da ɓawon wata dodon-koɗi ta teku mai ƙyalli, ka matsa ko'ina sai ka ga kamar yana binka da kallo. An buɗe ɗakin a 1940, shekara 100 cif da yarjejeniyar, kuma ba na ƙabila ɗaya ba ne, na Maori ne gaba ɗaya. A wurinsu ɗaki irin wannan jikin kaka ne: doguwar azarar tsakiya ita ce ƙashin baya, waɗanda suka gangaro daga gare ta su ne haƙarƙari.

Ban ankara ba aka ce sarkin baƙi zai yi jawabi. Na nemi izini in fara da harshena, suka ce bismillah a nasu salon. Na yi sallama da Hausa, na gaida masu gida, na tambayi lafiyar iyali da ta jama'a, na yi addu'a ga magabatansu da namu su huta da alherin da suka bari, sannan na fassara. Babu wanda ya yi murmushin nan na "kai, abin sha'awa" da na saba gani a ƙasar. Shugabansu ya saurara kamar mai jin Hausa, ya taso ya kama hannuna, ya ɗora hancinsa da goshinsa a kan nawa. Hongi ke nan, haɗa numfashi. Bayan nan aka yi waƙoƙi da rawar gargajiyarsu da suke kira "haka", kuma a ɗakin katako idan maza suka buga ƙafa tare, a ƙirjinka kake jin dukan. Uwargida ta ce tunda take ba ta taɓa ganin na yi zufa a cikin sanyi ba.

Mai yi mana jagora shi ma bai yi mana rufa-rufa ba. Ya kai mu gindin dogon sandan tuta, inda aka sa hannu, ya faɗa mana cewa takardar iri biyu ce. Wani ɗan mishan, Henry Williams, da ɗansa Edward ne suka mayar da ita harshen Maori cikin dare ɗaya. Ta Turanci ta ce sarakuna sun miƙa wa Sarauniya mulki ɗungurungum. Ta Maori kuwa, wadda kusan dukan sarakuna sama da 500 suka sa wa hannu daga baya, ta ba ta ikon gudanarwa, ta bar musu cikakkiyar sarauta a kan ƙasarsu da garuruwansu da dukiyoyinsu. Ya nuna mana garin Russell a tsallaken ruwa, ya ce Hone Heke, wanda ya fara sa hannu, shi ne ya sare sandan tutar Ingila a can har sau huɗu tsakanin 1844 da 1845. A 1877 babban alƙali Prendergast ya yanke cewa yarjejeniyar ba ta da wani amfani a shari'a. Sai a 1975 aka kafa kotun sauraron koke a kanta. Ina tsaye ina tuna takardun da kamfanin Turawa ya ƙulla da Sakkwato da Gwandu a 1885, da abin da ya biyo baya a 1903. Bambancin, su waɗannan ba su saki takardarsu ba, har yau da ita suke neman haƙƙi.

Ana cikin wannan ne direbanmu ya leƙo yana nuna agogo.

Nan raina ya fara ɓaci, kuma yanzu da nake rubutu ya sake ɓaci. Tun asuba suka ɗebe mu, tafiyar da ta ɗara awa uku, amma suka tsaya da mu a wani shagon tsaraba a hanya har na gaji da kallon kofuna da riguna. Lokacin da aka ƙona a can, a nan aka zo aka yanke mana shi. Gidan James Busby, wakilin Ingila a ƙasar kafin zuwan Hobson, gidan da aka sassaƙo katakonsa a Sidni ta Ostireliya aka kawo aka haɗa, a guje muka ratsa shi. Jirgin ruwan yaƙin nan, Ngatokimatawhaorua, mai tsawon mita 35, wanda aka sassaƙa daga manyan itatuwa uku na wani icce da suke kira "kauri", kuma sai mutum 76 aƙalla ke iya tuƙa shi, na dai taɓa gefensa na wuce. Gidan tarihin Te Rau Aroha da aka buɗe a 2020, na sojojin Maori da suka yi yaƙin duniya na biyu a Girka da arewacin Afirka da Italiya, ko ƙofarsa ban taka ba, alhali shi na fi ɗokin gani.

A tallansu sun rubuta cewa za mu ga yarjejeniyar da idonmu. Ainihin takardun suna Welinton, a ɗakin karatu na ƙasa, da tabon ruwa da cin ɓera a jikinsu. Wannan ba laifin Waitangi ba ne, jagoran ma da bakinsa ya faɗa. Laifin mai talla ne. Sai kuma abinci. Na rubuta musu tun wajen biyan kuɗi cewa mu Musulmi ne, suka amsa da "babu damuwa". Da aka raba ƙunshin rana, burodi ne da naman alade a tsakiya. Da na yi magana, yarinyar da ke rabon ta ce in zare naman in ci sauran. Tuffa da ruwa muka wuni da su.

Saboda haka lissafina ya canza. Wurin tauraro biyar, kamfanin ɗaya, ita ma don direban bai zubar da mu a hanya ba. Duk mai niyya, ya nemi motar haya ko ya hau bas na kansa, ya kwana a Paihia, da safe ya taka da ƙafa ya haye gadar, ba nisa. Ya tafi da guzurinsa, da riga mai kauri don iskar bakin tekun ba ta da mutunci, da takalmin da ba ya wahalar cirewa. Na aika wa kamfanin saƙo kan kuɗin abincin, sun ce suna dubawa. Har yanzu suna dubawa.