Wasan Ɗori Ko Tambayar Zuci: Wanne Za Mu Fara Da Shi?

'Yar'uwa, jiya da dare kin ce zauren namu ya yi sanyi, ga marubuta cike amma 'yan ƙalilan ke motsi. Kika tambaya wane wasan rubutu ya fi dacewa mu riƙa yi duk mako: a ba kowa jigo ya je ya rubuto abin da ke ransa shi kaɗai, ko kuwa wani ya fara, sauran su riƙa ɗorawa? Na taɓa duka biyun, kuma kowanne da inda yake kai mutum.

Na farkon ni tambayar zuci nake ce masa. Ana ba ki jimla ɗaya, ki ɗauki minti goma sha biyar, ki rubuta abin da bai wuce kalma 200 ba, ba gogewa, ba komawa baya. Amma akwai sharaɗi: kada tambayar ta zo gaba-gaɗi. In kika ce da Bahaushe "rubuta abin da ka fi tsoro", wa'azi zai rubuto miki, mai kyau kuwa, sai dai shi ba ya ciki. Mu mutanen da uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari ne, kunya ta riga alƙalami zuwa hannunmu. Dole a zagayo ta bayan gida, yadda tatsuniya ke ɗora halinmu a kan Gizo da Ƙoƙi mu yi ta dariya alhali da mu ake.

Ga misali. An taɓa ba mu wannan: "Bari butar gidanku ta ba da labarin asubar gidan." Na zauna da niyyar yin raha. Sai butar ta fara cewa hannu biyu ta sani, ɗaya mai sauri da ke fizgarta, ɗaya mai kaushi da ke lalubarta a hankali cikin duhu kafin kiran assalatu. Ta ce mai kaushin ya daina zuwa tun damina, ba kuma wanda ya yi mata bayani. A nan na ajiye biro. Shekara biyu ke nan da rasuwar mahaifina a lokacin, ban taɓa rubuta ko layi ɗaya a kansa ba, sai ga buta ta faɗa a madadina. Irin waɗannan tambayoyi suna da yawa: wasiƙa zuwa ga yarinyar da kike ranar da aka fara kai ki makarantar allo, ko ki zaɓi ƙamshi ɗaya, na daddawa ko na ƙasa bayan ruwan farko, ki bi shi duk inda ya kai ki. Wanda ke shirin shiga gasa irin Hikayata, wadda BBC Hausa ta fara a 2016, wannan ne motsa jikinsa, domin a gasa kai kaɗai ne da takardarka da iyakar kalmomi.

Illarsa a zaure ita ce, abin da ya fito sau da yawa ba na nunawa ba ne. Wasu za su rubuta su ɓoye, zauren ya ƙara yin tsit. Wanda kuma ya daure ya turo, sai wani ya hau shi da gyaran ƙa'idojin rubutu, ya ce ga inda aka haɗe "a kan" ga inda aka raba. Mutum ya kawo zuciyarsa a tafin hannu an duba masa wasali. Ba zai sake ba.

Wasan ɗori kuwa ba baƙo ba ne a wurinmu. Malaman waƙa na da tahamisi: mawaƙi ya ɗauki waƙar wani mai ƙwar biyu, wato ɗango (layi) biyu a kowane baiti, ya sa ɗango uku nasa kafin kowane baiti, ta koma ƙwar biyar. Ɗangwayen nasa dole su bi karin waƙar, su kuma yi amsa-amo da ɗangon farko na mai ita, ɗangon ƙarshe ya zauna yadda yake. In biyu ya ƙara, tarbi'i ke nan. Waƙar Tabban Haƙiƙa hannu uku ta bi: Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi ta da Fulatanci, 'yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, ɗansa Isan Kware ya yi mata tahamisi. A Kano ma, cikin shekarun 1970, ƙungiyar Hikima ta su Mudi Sipikin taruwa take a kan waƙa, ana kuma jin waƙoƙin 'ya'yanta a rediyo. Rubutu cikin taro gadonmu ne.

Ba sai mun fara da tahamisi ba, yana da nauyi. Akwai mai sauƙi da na fi so, wasan "in ji". Kin san irin karin maganar nan mai rabi biyu, kamar "Abin nema ya samu, matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo." To sai a ba da sabon kai, kowa ya ƙera masa jela. A ce: "Ni ma ina da magana, in ji..." Wani zai ce turmi bayan an gama daka. Wata ta ce amaryar da aka tsayar wa rana ba a tambaye ta ba. Layi ɗaya ne, ko mai goyo a baya tana tuƙa tuwo za ta iya turowa, kuma wanda bai taɓa buɗe baki a zauren ba zai ji ya isa. Ki kuma lura da jelar da kowa ya zaɓa; wadda ta kawo amaryar nan ta gaya mana wani abu game da kanta, cikin raha, ba tare da an tsare ta da ido ba.

Sai labarin ɗori, kowa jimla uku. Shi ne ya fi tara jama'a, shi ne kuma ya fi saurin ɓaci. Masu zafin hannu su cinye fagen. Wani ya ga labarin bai yi masa ba, ya jefo aljani ko haɗarin mota ya kashe tauraruwar da mutum huɗu suka sha wahalar ginawa. In kuma ya yi kyau har aka fara zancen bugawa, sai rigimar na wane ne ta taso. Maganinsa a jera sunaye tun farko, kowa da ranarsa, a hana kashe tauraro ko sauya gari sai da yardar wanda ya fara, a kuma amince cewa labarin na zaure ne.

Da za a bar mini zaɓi, da ɗori za mu fara, mu yi wata guda a kansa. Dalilina shi ne ɗori na tilasta wa mutum karanta ɗan'uwansa da kyau kafin ya sa hannu. Ba ka iya ƙara ɗango a baitin da ba ka shiga cikinsa ba. Mu kuwa abin da ya yi mana ƙaranci ke nan, kowa na turo nasa, ba mai karanta na wani. Idan muka yi dariya tare sau huɗu ko biyar, muka san muryar juna, sai a shigo da tambayar zuci sau ɗaya a wata, da doka biyu: turowa ba dole ba ne, kuma wanda ya turo ba a yi masa gyara, sai dai kowa ya ɗauko jimla ɗaya da ta taɓa shi ya maimaita masa. Abin da aka faɗa a zaure kuma ya tsaya a zaure, kada a ɗauki hotonsa a kai wani wuri.

In kin amince, ranar Juma'a bayan la'asar ni zan buɗe da wannan kan: "Da na sani da ban leƙa ba, in ji..." Ke za ki fara sa masa jela, tunda ke kika tayar da zancen.