Donepezil a Gwajin Ɓeraye: Yana Aiki, Amma Awonsa Na Da Wuyar Sha'ani

Duk mai gwada maganin mantuwa a kan ɓeraye yana buƙatar maganin da zai kwatanta nasa da shi, kuma donepezil ne aka fi ɗauka. Kamfanin Eisai na Japan ne ya ƙirƙiro shi, Amurka ta amince da shi a 1996 da sunan Aricept, don masu cutar Alzheimer. Aikinsa toshe acetylcholinesterase, sinadarin da ke rushe acetylcholine a ƙwaƙwalwa, shi kuma acetylcholine sinadari ne mai isar da saƙo tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, yana taimaka wa tunawa.

A gwajin ruwa na Morris ya cancanci yabo. Ana cika babban baho da ruwa mai ɗumin digiri 25, a zuba madarar gari ya yi fari, a ɓoye ɗan dandamali santimita 1 zuwa 2 ƙarƙashin ruwan, a saka ɓera ya yi iyo har ya koyi inda dandamalin yake. Ɓeran da aka yi wa allurar scopolamine, maganin da ke jawo mantuwa ta ɗan lokaci, miligiram 1 a kowane kilo, sai ya yi ta zagaya gefen baho. Wanda aka ba donepezil kafin allurar, miligiram 1 zuwa 3 a kilo ta baki, yakan gano wurin da wuri.

Matsalar tana wajen awon maganin. Da an zarce, sai ka ga ɓera yana dalalar miyau, haɓarsa na motsi kamar mai tauna alhali ba komai a bakinsa, jiki na karkarwa, kashi ya yi ruwa, zafin jiki ya sauka. Irin wannan ɓeran ba ya iyo da kyau, sai mai bincike ya rubuta cewa ya manta, alhali jiki ne ya gaza. Shi ya sa dole a auna saurin iyo, a kuma yi gwaji da dandamalin da ake gani, don a bambance mantuwa da gazawar jiki.

Masu daka ƙwayar donepezil ta miligiram 5 ta kemis suna damawa da ruwa su kula: akasarinta sitaci ne da sukarin madara, garin yana kwantawa a gindin kwalba, ɓeran farko da na ƙarshe ba za su sha daidai ba. Tsantsar garin donepezil hydrochloride ya fi, yana narkewa a ruwa.

Donepezil ya fi tacrine, maganin Alzheimer da ya riga shi fitowa, wanda ke taɓa hanta har aka daina sayar da shi. Amma scopolamine hanyar acetylcholine kawai yake tarewa, ba ya kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, don haka gwajin yana ƙara wa donepezil kwarjini. A jikin mutum sauƙin da yake kawowa kaɗan ne, cutar kuma ba ta tsayawa.