Plickers: waya ɗaya da katin takarda, kowane ɗalibi ya ba da amsa

Plickers manhaja ce da ke ba malami damar jin amsar kowane ɗalibi a lokaci guda, ba tare da ɗalibin ya riƙe waya ko kwamfuta ba. Malami kaɗai ke buƙatar waya mai kyamara, Android ko iPhone. Ɗalibai kati suke riƙewa, mai baƙin zane a tsakiya, kuma zanen kowane kati daban yake da na sauran. Gefunansa huɗu na ɗauke da A, B, C da D. Ɗalibi zai juya harafin da ya zaɓa ya koma sama, ya ɗaga katin, malami ya bi ajin da kyamara daga wannan bango zuwa wancan. Nan take sunaye za su fito a fuskar wayar, kore ga wanda ya dace, ja ga wanda ya kuskure. Da gangan aka ƙanƙanta haruffan, don kada na kusa ya leƙa ya kwaikwaya.

Shirin ba shi da wuya. A yi rajista a shafinsu na intanet, a buɗe aji, a zuba sunaye, kowane suna ya samu lamba, wato lambar katin da ɗalibin zai riƙe. Sai a sauke katunan a buga. Akwai jeri mai kati 40, akwai mai 63, kuma jeri ɗaya ya ishi duk azuzuwan malami, tunda lamba 7 a wannan aji wani ne, a wancan kuma wani daban. Ajin da ya haura 63 ba zai shiga ba, sai an raba shi biyu ko a ba mutum biyu kati ɗaya.

Yawancin matsalar daga katin take. A buga shi a farin kwali mai kauri da tawada baƙa wuluk. Idan tawadar ta dushe, kyamara za ta yi ta tsallake shi. Kada a lulluɓe shi da leda mai ƙyalli, domin hasken fitila na faɗowa a kai ya shafe zanen. Yatsa ɗaya a kan baƙin zanen ya isa ya hana karantawa, don haka a koya wa yara riƙe shi ta farin gefe, a miƙe, ba a lanƙwashe ba. Idan taga na bayan ɗalibai, katunan za su yi duhu, sai malami ya sauya wurin tsayuwa. Katin wanda bai zo ba a kife shi, in ba haka ba kyamara za ta iya ɗauka masa amsa. Mai son rubuta haruffan a bayan kati don sauƙaƙa wa ƙanana, ya tabbata kowane harafi ya hau gefen da yake a gaba, domin dama da hagu na juyawa idan an kifa.

Amma inda Plickers ke nuna amfaninta shi ne tambayar da aka zuba mata. A ɗauki 1/2 + 1/3. Idan zaɓin ya zama A 2/5, B 5/6, C 1/6, D 2/6, to kowace amsa marar daidai tana faɗa wa malami wani abu. Mai A ya tara lambobin sama da na ƙasa kai tsaye. Mai C ninkawa ya yi maimakon tarawa. Mai D ya gane ana neman 6 a ƙasa, amma bai gyara na sama ba, wato ya kusa isowa. Ciwo uku ne, magani uku. Idan kuwa aka cike gurbin da lambobin da ba wanda zai zaɓa, abin da za a samu maki ne kawai, ba a san inda fahimta ta karkace ba.

Sai kuma abin da malami zai yi a mintin da ya biyo baya. Idan kusan kowa ya dace, a wuce. Idan ajin ya rabu, kada a faɗi amsar: a bar kowa ya shawo kan maƙwabcinsa na minti biyu, a sake ɗaga kati. Wannan ita ce hanyar da Eric Mazur ya fara amfani da ita a darasin kimiyyar fiziks a jami'ar Harvard a farkon shekarun 1990, kuma ta dace da katunan nan sosai. Idan yawanci sun faɗi, a sake koyarwa da sabon misali.

Tana da iyaka. Zaɓi huɗu ne kawai, ko gaskiya da ƙarya, saboda haka ba ta auna rubutu ko yadda ɗalibi ya bi matakan lissafi. Asusun kyauta tambaya biyar yake ɗauka a jeri ɗaya, ko da yake biyar masu kyau sun ishi darasi. Nuna tambaya a majigi tare da sakamako kai tsaye na buƙatar intanet. Inda babu majigi, a rubuta tambayar a allo, wayar ta yi sauran aikin. Kuma tunda sunayen yara na zuwa rumbun kamfanin, gara a saka sunan farko kaɗai, cikakken jerin ya zauna a rajistar malami.