Zagayen shekara goma da na shekara hamsin: wanne ke shiga mudu?

Malam, ka ce gardama ta kaure a majalisarku ta bayan la'asar a Agege. Wani ɗalibin jami'a ya dage cewa tattalin arzikin ƙasashe masu masana'antu yakan hau ya sauka duk shekara hamsin, wani kuma ya ce duk shekara goma ne. Ka tambaya wanne ne daidai, kuma da wane mudu ake awon. Kowannensu yana da madogara, sai dai hujjojin ba nauyinsu ɗaya ba.

Na shekara goman ne ya riga fitowa. Wani likita Bafaranshe, Clément Juglar, ya bi lissafin bankunan Faransa da Ingila da Amurka, a 1862 ya nuna cewa bashi yakan yawaita, farashi ya tashi, sai abin ya fashe, kasuwa ta kwanta, sannan a sake sabon lale. An ƙiyasta tsawon wannan zagaye da shekara 7 zuwa 11. A yau NBER, wata cibiyar binciken tattalin arziki, ce ke sa masa kwanan wata a Amurka, kuma lissafinta ya koma har 1854. Wata bayan wata take duba yawan masu aiki, da abin da masana'antu suka ƙera, da kuɗin da ke shiga hannun jama'a, da ciniki. Ita ta ce karayar tattalin arzikin da ta fara a Disambar 2007 ta ƙare a Yunin 2009, wata 18 ke nan. Daga nan aka yi ta hawa wata 128 har Fabrairun 2020, sai karayar lokacin korona da ta yi wata biyu kacal. Ka ga ko a nan goman ba doka ba ce. Amma an ƙirga hawa da sauka fiye da sau 30, akwai abin kwatantawa.

Na shekara hamsin aikin Nikolai Kondratiev ne, masanin Rasha da ya shugabanci wata cibiyar nazarin kasuwa a Mosko. A wajen 1925 ya tattara farashin sari, da kuɗin ruwa, da albashi, da cinikin waje, da yawan kwal da ƙarfen da aka samar a Ingila da Faransa da Amurka tun ƙarshen ƙarni na 18. Ya ce ya ga hawa daga wajen 1790 zuwa 1815, sauka zuwa wajen 1850, hawa zuwa wajen 1873, sauka zuwa 1896, sai hawa na uku zuwa wajen 1920. Gwamnatin Stalin ta kama shi a 1930, aka harbe shi a 1938.

Ƙirga da kanka, zagaye biyu da rabi ne. Mai sayar da kayan gwari a kasuwar Mile 12 ta Legas in ya ce maka tumatir zai yi araha idan kayan noman rani suka sauko daga Kano, ya yi tsada idan damina ta kankama, ka yarda da shi, don ya gani sau ashirin ko talatin. Wanda ya ce babbar yunwa duk shekara hamsin take dawowa fa, sau nawa ya gani? Ko ya faɗi gaskiya, ba shi da shaidun da za su tsaya masa.

Sai yadda aka yi awon. Mai auna gajeren zango, wato na shekara goman, yana ganin abin a ɗanyun alƙaluma: an sallami ma'aikata, injuna sun tsaya. Dogon zango kuwa, na shekara hamsin, sai an tace. Kondratiev yakan cire haɓakar da ke tafiya kullum, sannan ya ɗauki matsakaicin shekara tara-tara don ya shafe ƙananan hawa da sauka, abin da ya rage shi ne zagayen nasa. Abin mamaki, a cibiyar tasa aka gano ramin da ke cikin irin wannan dabara. A 1927 wani masanin lissafi na cibiyar, Eugen Slutsky, ya ɗauki lambobin da aka zaro a cacar gwamnati, waɗanda babu wata alaƙa tsakaninsu, ya yi ta haɗa su rukuni-rukuni yana fitar da matsakaici, sai ga zane yana hawa da sauka tamkar na tattalin arziki. Wato rariyar da ka tace da ita tana iya haifar maka da zagayen da babu shi.

Inda na fi ganin raunin dogon zango shi ne a farashi ya fi bayyana, ba a yawan kaya ba. Tsakanin 1873 da 1896 farashi ya yi ta faɗuwa a Turai da Amurka, amma masana'antun Amurka da Jamus a lokacin suka bunƙasa, ana shimfiɗa layin dogo ana narka ƙarfe. Saukar mene ne ke nan? A wancan zamani kuɗi a ɗaure suke da zinariya, don haka duk sanda aka gano sabuwar ma'adana, kamar a Kalifoniya a 1848, da Ostareliya a 1851, da Afirka ta Kudu a 1886, kuɗi su yawaita, farashi ya biyo baya, ko da sai bayan wasu shekaru. Yaƙe-yaƙen Napoleon da Yaƙin Duniya na Ɗaya ma sun faɗo daidai ƙololuwa biyu daga cikin ukun da Kondratiev ya ƙirga. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuwa, musamman da Amurka ta raba dala da zinariya a 1971, farashi ya daina yin doguwar sauka. Mudun da Kondratiev ya fi dogara da shi ya fashe.

Ban ce a yar da dogon zangon ba. Masanin tattalin arziki Joseph Schumpeter, wanda ya laƙaba wa zagayen sunan Kondratiev a 1939, ya danganta kowane hawa da sabuwar fasaha: injin tururi da saƙa, jirgin ƙasa, sannan lantarki da mota. Wajen ba da labarin abin da ya wuce, wannan rabo yana da amfani ƙwarai. Amma ka tambayi magoya bayan dogon zangon uku shekarar da zagayen kwamfuta ya fara da wadda zai ƙare, za ka ji amsa uku.

Ka kuma gaya wa ɗalibin naku kada ya ɗora ko ɗaya a kan Najeriya kai tsaye. Mu farashin ɗanyen mai ke kaɗa mu: ganga ta sauko daga sama da dala 100 a tsakiyar 2014 zuwa ƙasa da 30 a farkon 2016, muka shiga karaya a 2016, muka sake shiga a 2020, shekara huɗu tsakani. Alƙaluman namu ma ba su kai zurfin da za a tace shekara hamsin a cikinsu ba. A 2014 da Hukumar Ƙididdiga ta sauya shekarar da take gina lissafinta a kai daga 1990 zuwa 2010, girman tattalin arzikin ƙasar ya kusa ninkawa a takarda rana ɗaya, ya kai wajen dala biliyan 510.