Gurup ɗin masu cutar siliyak a Jos, wata huɗu da shigata

Wallahi ranar da likita ya ce ƴata na da siliyak ko sunan ban taɓa ji ba. Shekara biyu muna fama, gudawa, kumburin ciki, ga rama ga ƙarancin jini, sai da aka yi gwajin jini na tTG aka zura kyamara aka ɗebo ɗan naman hanji sannan aka gano wai garkuwar jikinta ce ke cin hanjinta duk sanda ta ci giluten, wannan sinadarin na cikin alkama da sha'ir. Magani kuma babu sai dai a daina ci har abada.

Wata nas ce ta saka ni a gurup ɗin WhatsApp na iyaye da masu ciwon, muna haɗuwa sau ɗaya a wata a gidan ɗaya daga cikinmu. Ni a tunanina na cire burodi da taliya da samobita ai na gama, amma cikin yarinya bai daina kumbura ba. Zaman farko wata Hajiya ta tambaye ni, "Maman Ummi, ina kike kai niƙa?" Ashe injin unguwarmu da ake niƙa alkama shi ke niƙa mana masara, ɗan garin da ya maƙale a ciki ya isa ya tayar da ciwon. A nan na ji zancen ƙosai da ake soyawa a man fanke, da masu waina da ke ƙara fulawa a ƙullu, da lemon malt. Har funkaso da alkaki, Allah sarki, su ne ta fi so.

Abin da ya kwantar min da hankali acca, ga ta nan birjik a kasuwar Taminus, gwate, tuwo, kunu, duk ta ci. Gero, dawa, shinkafa, dankali ma lafiya lau.

Inda ban ji daɗi ba, wasu kan turo tallar maganin gargajiya wai yana warkarwa, admin kuma ba ta saurin gogewa, kuma wannan hatsari ne ga sabbin shiga. Amma ƴan gurup ɗin suna nanata wa kowa kar ya daina cin alkama kafin gwaji don sakamako zai iya fitowa ba daidai ba, wannan kam sun kyauta.

Yanzu mun haɗa kuɗi mu biyar za mu sayi ƙaramin injin niƙa namu.