Ingila ba tallafi ko Jamus da albashi: ƙanena, ɗauki ta Jamus

Ƙanena, na ga tambayarka tun daren jiya, na bari sai da na yi asuba na natsu. Ka ce wata babbar jami'a a Ingila ta ba ka gurbin digiri na uku ba tare da tallafi ba sai ɗan ragin kuɗin makaranta, ga kuma wani farfesa a wani ƙaramin gari a Jamus da ya ce ka zo ka yi aiki a binciken da ya samo wa kuɗi, shekara uku, da kashi 65 cikin 100 na cikakken albashi. Ka tafi Jamus. Ni duka biyun sun ratsa ta hannuna, ɗaya ta cinye mini fili, ɗaya ta ba ni dakta.

A 2016 na samu irin takardar da kake riƙe da ita. Tambarin jami'a a sama, sunana a ƙasa, har hotonta na ɗauka na tura wa 'yan gidanmu, aka yi ta sa albarka. Wani dillalin karatu ne ya nemo mini ita, ya ce in biya kafin alƙalami don a riƙe mini gurbin, sauran kuɗin "in ka shiga za ka samu hanya". Na sayar da filin da na yi shekara huɗu ina biya da adashi, na ba shi ladansa, na tura wa makaranta nata. A watan Yunin shekarar Babban Banki ya saki naira, dala ta tashi daga 197 ta koma wajen 280 a farashin gwamnati, a kasuwar bayan fage kuwa kafin farkon 2017 ta doshi 500. Lissafin da na yi da biro a bayan littafi ya rushe cikin mako biyu. Ban tafi ba, kafin alƙalamin bai dawo ba, dillalin ya daina ɗaga waya. Takardar tana nan cikin akwatina har yau. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Ka yi naka lissafin da farashin yau. Kuɗin makarantar ɗan ƙasar waje a digiri na uku a Ingila yakan kai fam 20,000 a shekara, a fannin kimiyya mai ɗakin gwaje-gwaje ya zarce haka. Fam ɗaya ya riga ya taɓa naira 2,000, wato miliyan 40 ke nan a shekara kafin ka ci tuwo ko ka kama ɗaki. Akwai kuɗin lafiya na biza, fam 776 kowace shekara, kuma dunƙule ake biyansa tun kafin ka tashi, na dukan shekarun, kai da duk wanda ka ɗauko. Aikin da doka ta yarje wa ɗalibi awa 20 ne a mako lokacin karatu. Ladan wannan ya biya haya da cefane, amma ba zai taɓa biyan makaranta ba. Na san mutanenmu da suke kwana a gidan kula da tsofaffi suna aiki, gari ya waye su zauna gaban kwamfuta suna gyangyaɗi, shekara ta biyar babi na uku bai ƙare ba.

In kuma zuciyarka tana kan TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, ka cire ta. Tun 1 ga Janairun 2025 suka dakatar da tura malamai karatu waje, saboda tsadar canji da kuma waɗanda ake turawa ba sa dawowa. Tallafin Commonwealth yana nan, ta hannun hukumar tallafin karatu ta tarayya ake bi, a kan rufe wajen Oktoba, masu nema kuma sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba. Hukumar bincike ta Birtaniya, UKRI, tun 2021 ta yarda a ba 'yan waje har kashi 30 cikin 100 na gurabenta masu cikakken tallafi. Da irin wannan gurbin ka samu, da ba mu yi doguwar magana ba. Naka ba shi ba ne.

Adalci dai, Ingila tana da nata: Turancin da ka sani ne, tsarin shekara uku zuwa huɗu a fayyace yake, kuma ɗalibin digiri na uku yana iya tafiya da iyali ko bayan da aka hana yawancin 'yan digiri na biyu a Janairun 2024. Shi ke nan abin da zan iya cewa.

Yanzu Jamus. Na sauka Göttingen a Nuwamban 2018, gari ne na jami'a, mutanensa ba su fi 120,000 da 'yan kai ba, kowa a kan keke. Da rigar sanyin da na saya a Kantin Kwari na fito daga jirgin ƙasa, iska ta ratsa ta kamar ban sa komai ba. Farfesan da kansa ya zo tarbata a tasha, dattijo mai furfura, ya kalle ni ya kalli rigar, bai ce komai ba. Washegari na tarar da wata ƙatuwar riga a rataye a kujerata, da 'yar takarda wai ta ɗansa ce da ya bar gida. Ita na sa har na gama.

Abin da ya kamata ka gane shi ne wannan "kashi 65" ba sikolashif ba ne, aiki ne. Ma'aikacin jami'a kake, a kan ma'aunin albashin ma'aikatan jihohi da suke kira TV-L, mataki na 13, kana karɓar kashi 65 na cikakken albashin matakin. A lokacina abin da yake shigowa asusuna bayan an cire haraji da inshorar lafiya da fansho wajen Yuro 1,600 ne, ya ƙaru bayan shekara guda, kuma an yi ta ƙarin albashi tun daga nan. Kuɗin makaranta babu. Abin da ake biya na zango 'yan ɗaruruwan Yuro ne. Ranar ƙarshen wata kuɗi ya shigo, ba kira, ba "a yi haƙuri ana kan sa hannu". Kuma da Yuro ake biyanka kana kashe Yuro, don haka ranar da naira ta sake faɗuwa a 2023 ni dai labari na ji, sai ma abin da nake turowa gida da ya ƙara auki. Abokaina da aka tura da kuɗin gida kuwa, wasu sai da aka yi musu karo-karo.

Binciken ƙasar noma na yi, kuɗin aikin ne ya biya mini jirgi sau biyu na dawo na ɗebi samfur a gonaki wajen Bichi da Dambatta. Azumin 2019 ya faɗo a Mayu, muna kai awa 18 ba ci ba sha. Ban roƙa ba, farfesan ya mayar da taron mako na rukuninmu daga yamma zuwa safe, ya ce ba ya son tattauna alƙaluma da mutumin da yake ganin bibbiyu. Ranar da na kare kundina, abokan aiki suka yi mini hular kwali da hannunsu, suka manna mata hotunana da 'yar fartanya ta roba, suka ɗora ni a amalanke suka ja ni har bakin tsohon ɗakin taron gari. A nan akwai mutum-mutumin wata yarinya mai kiwon dinya, al'adar garin duk sabon dakta ya hau ya ba ta furanni ya sumbace ta. Na miƙa furannin na sauko. Suka yi ta ihu wai saura, na ce wannan kam sai dai ku yafe, matata tana kallo ta waya.

Kada ka ɗauka aljanna ce. A ɗakin gwaje-gwaje Turanci ya ishe ka, amma ofishin baƙi da mai gida da wasiƙun da za su cika akwatinka duk Jamusanci ne, kuma su da wasiƙar takarda suke aiki, in ka ƙi buɗewa tara ce take jiranka. Lahadi kantuna a rufe. A Disamba ƙarfe huɗu na yamma duhu ya yi, akwai ranakun da kaɗaici zai sa ka ji kamar ka haɗa kaya. Ka fara koyon harshen tun yanzu, ko gaisuwa da ƙirga ne. In kana da mata biyu kuma, ka san doka da ɗaya ta san ka wajen ɗauko iyali, sai ka fara shirya bayani a gida.

Babban haɗarin tsarinsu shi ne rayuwarka tana hannun mutum ɗaya. A irin wannan gurbin sau da yawa babu aji, babu jarrabawar zango, kai ne da farfesa. Shi ne maigidanka a aiki, shi ne mai duba kundinka, yana cikin masu ba ka maki. In Allah ya haɗa ka da nagari ka huta, in ka faɗa hannun wanda ba ya amsa imel sai bayan wata biyu, sunan jami'a ba zai cece ka ba. Don haka kafin ka ce masa to, shiga shafin sashensa ka nemo waɗanda suka gama a hannunsa cikin shekara biyar da suka wuce, ka rubuta wa biyu ko uku, musamman 'yan Afirka ko Asiya. Ka tambaye su shekara nawa suka yi, sau nawa yake zama da ɗalibi, da kuma abin da ya faru da kuɗinsu ya ƙare kafin rubutu ya ƙare. Wannan ta ƙarshen ita ce tambayar. Kwantiragi shekara uku ne, amma mutane da yawa sukan haura huɗu. Shi kansa ka tambaye shi kai tsaye wa ya ba da kuɗin aikin, yaushe zai ƙare, kuma in an wuce wa'adi me ya saba yi. Bajamushe ba ya jin haushin tambaya irin wannan, kunyarmu ce kawai take hana mu. Ni nawa farfesan ya ƙara mini wata takwas daga wani asusun.

Sai abu biyu na takarda. Yardar farfesa daban, yardar tsangaya daban: akwai kwamitin da zai duba digirinka na biyu ya amince ya kai ma'auninsu, wani lokaci su ɗora maka 'yan darussa. Ka duba sunan jami'arka a rumbun bayanansu mai suna anabin, ka kuma roƙi farfesan a fara wannan da wuri. Na biyu, in malami ne kai a nan gida, kada ka taka filin jirgi sai takardar hutun karatunka ta fito da sa hannu, ka karanta yarjejeniyar dawowa da idonka. Maganar baki ta shugaban sashe ba ta hana a tsayar da albashi.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa, domin da mutane suka ji kana shirin fita za su fara kiranka. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya samo maka cikakken sikolashif, ɓarawo ne. DAAD, hukumar tallafin karatu ta Jamus, ba ta karɓar ko sisi wajen nema, guraben aiki irin naka kuma a fili ake tallarsu a shafukan jami'o'i da EURAXESS, shafin Tarayyar Turai na tallar guraben bincike. Ka duba adireshin imel ɗin farfesan nan naka da kyau: na jami'a ne mai ƙarewa da .de, ko Gmail ne? Ka nemo lambar sakatariyar sashen daga shafin jami'ar da kanka, ka kira, ka kuma nemi ganawa da shi ta bidiyo. Ana sojan gona da sunayen farfesoshi na gaske. Masu rubuta wa mutane tsarin bincike su ma ka guje su, abu ɗaya suke sayar wa mutum goma, minti biyar na hira ya isa a gane ba kai ka rubuta ba. Haka mujallun da za su buga maka takarda cikin kwana uku in ka biya dala 100. Jamusawa sun san su, ganinsu a takardunka rage maka daraja yake yi. Akwai kuma masu ba da hayar kuɗi a zuba a asusunka don nuna wa ofishin jakadanci. Kai ba ka ma buƙata: ɗalibi mai ɗaukar nauyin kansa ne ake sa ya kulle Yuro 11,904 a asusu, mai kwantiragin aiki kwantiragin ne shaidarsa.

Damfarar da ta kusa kama ni a can ita ce ta gidan haya. Ɗaki yana wahala a garuruwan jami'a, sai ka ga talla mai kyau da araha, mai gidan ya ce yana ƙasar waje, ka tura kuɗin ajiya ya aiko da makulli. Na riga na cike takardar tura kuɗin, wata abokiyar aiki ta leƙo ta ce in nuna mata adireshin. Muka hau keke muka je, ashe wurin ajiye motoci ne. Kuɗin ajiya na gaskiya ba ya wuce hayar wata uku, kuma sai an sa hannu a yarjejeniya. Ka roƙi ofishin baƙi na jami'ar su sama maka masauki na watannin farko.

Yau ɗin nan ka rubuta wa na Ingila cikin ladabi ka tambaya ko za su ɗaga maka gurbin zuwa baɗi, ba ka biya komai ba, ka bar shi a ajiye. Shi kuma farfesan ka ce ka amince bisa sharaɗin ganin kwantiragi a rubuce. Da ya iso ka nemi ranar ganawa ta biza nan take, domin layin yana da tsawo kuma tantance takardun Najeriya yana cin lokaci. Turo mini kwantiragin ta akwatin sirri in duba maka mataki da wa'adin, ka rufe lambar fasfonka kafin ka turo. Rigar sanyi kuma kada ka saya a nan.